Eriyar da ta Fuskanci Yola

"Wallahi sai dai ka haɗa da ni ka sare!"

Rabi'atu ta dakata da murzar tunkuza, man gyaɗa na bin yatsunta. Muryar Kaltumi ce, matar yayanta Dawuda, ta tsallako katangar da ta raba gidan biyu tun bayan rasuwar mahaifinsu. Katangar ƙasa ce, kuma tun da aka gina ta ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba.

"Ki rage murya," in ji Dawuda.

"Ba zan rage ba. A ina zan riƙa girki? A wannan zafi na Garwa, da ƙadangare ma ke neman wurin fakewa, za ka sare mini darbejiya saboda ƙarfe?"

"Jules mai gyara ya ce ita ke tare hoton."

"Jules ya ce! Shekaran bara Jules ya ce gajarta ce, ka ƙara bututu. Bara ya ce ƙanƙanta ce, ka ƙara ƙarafa har abin ya koma kamar ƙayar giwan ruwa. Bana kuma itace. In gobe ya ce kaina ne ke tarewa fa?"

"Wa'azi nake son gani."

"Wa'azi? Wane malami ne ba ya wa'azi sai ranar Alhamis da la'asar? Malam, ka ji tsoron Allah. Ni fa na haife ta."

Daga nan ba a ƙara jin komai ba sai ƙarar takalminsa yana fita.

Rabi'atu ta ɗaga kai. Daga tsakar gidanta ana hango abin da ake faɗan a kansa. Eriya ce da ta fi kowace tsawo a unguwar Hausawa, ta ɗara hasumiyar masallacin layinsu, an ɗaɗɗaure ta da wayoyi ta kowane ɓangare kamar raƙumin da ake tsoron ya tsere. Eriyoyin maƙwabta ƙanana ne, kowace ta juya inda iska ta ga dama. Ta Dawuda kaɗai ce ta miƙe ƙyam ta nuna yamma, inda kogin Binuwai ke bi ya shiga Najeriya. A can, a gidan talabijin na Yola, Aisatu take aiki, 'yarsa ta fari, wadda ya rantse ba za ta sake taka masa zaure ba. Rabi'atu ce ta goyi yarinyar, kuma ba abin da take roƙon Allah a sujada irin ta ga ranar da za ta shigo da ita ta wannan zauren.

Dawuda Mai Kwano ake ce masa. Kakansa ya zo daga ƙasar Katsina da jakuna da kanwa, ya ga kasuwa ya ga kogi, ya kwance kaya bai ƙara ɗaurewa ba. Dawuda ya gaji rumfa a babbar kasuwa, yana sayar da langa da samira da faranti, irin waɗanda ake jera wa amarya. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Mutum ne mai son a ce ya san ya kamata. In an yi rasuwa shi ne farkon zuwa, in an yi suna shi ke rabon goro, kuma ba wanda ya taɓa jiyo dariyarsa daga nesa. Yana jin Fulatanci kamar kowa a garin. Faransanci kuwa, iyakarsa na ciniki da na gai da jandarma.

Da aka haifi Aisatu, ya yi abin da iyayensa suka yi masa, abin da Hausawan garin da Fulaninsa duk suka haɗu a kai: ɗan fari ba a nuna masa so. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zuba masa ido. Wasu iyayen a baki suke wannan alkunya, in ba kowa su saci kallo, su cusa wa yaro alewa a hannu. Dawuda ya riƙe ta kamar farilla. Ana yaye yarinyar ya miƙa wa ƙanwarsa Rabi'atu, wadda ta yi aure har biyu ba haihuwa ta dawo gida. Tun daga ranar, sunanta a bakinsa "'yar Rabi". In ta zagayo gaishe shi da safe, tabarma yake amsa wa. Ranar da ta ci jarrabawar shiga lise, wato sakandare, ana ta guɗa, ya dubi bango ya ce, "Madalla." Ranar da aka kai ta aure Jimeta, can kusa da Yola, gidan wani ɗan'uwansu mai sayar da taya, yana rumfa yana goge kwanukan da ba ƙura a kansu.

Mutane suka riƙa yabonsa. Ana kawo shi misali in wani matashi ya ɗauki ɗansa na fari a kafaɗa. Ba wanda ya tambaya ko akwai abin da riƙon al'adar nan ke ci masa a ciki, shi ma bai tambayi kansa ba, don yabon ya yi masa daɗi.

Auren Aisatu bai yi ƙarko ba. Ba wani abin faɗa, jininsu ne bai haɗu ba. Abin da ya girgiza gidan shi ne ta gama idda ba ta dawo ba. Tana da Hausa, tana da Fulatanci, ga baki da ba ya rawa a gaban jama'a, sai gidan talabijin na can ya ɗauke ta tana gabatar da shirin mata ranar Alhamis bayan la'asar: rigakafin yara, ruwan gishiri da sukari, yadda ake adana wake kada ya yi ƙwari.

Labarin ya iso rumfa ne a bakin Ɗanmalam, direban da ke bin hanyar Gashiga zuwa iyaka, mutumin da bai taɓa shigowa gari da baki a rufe ba.

"Mai Kwano, ashe surukin gari guda ne kai ba mu sani ba! Shekaranjiya a Jimeta na shiga shagon aski, sai ga 'yarka a cikin tele, maza cike da shago sun zuba mata ido. Wani har cewa ya yi a ƙaro murya. Hancin nan naka ne sak, wallahi."

Rumfa ta ɗauki dariya. Dawuda ya ci gaba da jera faranti. Ya aika mata ta dawo. Ta aiko cewa da lulluɓinta take fitowa, kuma aikin halal ne. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gida, gaban dattawan layi, ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi ba, ya rantse da Allah cewa muddin 'yar Rabi na cikin akwatin nan, ƙafarta ba za ta taka zaurensa ba. Dattawa suka ce ya yi daidai. Rabi'atu na bayan ƙyaure. Ta haddace kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye su a ranta.

Kafin damina ta fita, Dawuda ya sayi talabijin.

Lokacin talabijin bai daɗe da zuwa Kamaru ba. Tashar ƙasa tana da na'urarta nan kusa da gari, ko guntuwar waya ka maƙala a bayan akwatin za ka ga manyan Yawunde suna yanka ƙyalle, tar da su. Dawuda bai ko tsaya a kansu ba. Ya kira Jules, wani ɗan ƙabilar Mundang mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya ce Yola yake so.

"Baaba, Yola da nisa," in ji Jules da Hausarsa ta kasuwa. "Ƙaramar eriya hoton kusa take sha. Na nesa a gajiye yake isowa, sai babba ce za ta tattara shi, kuma sai ta hau sama sosai. Amma babba tana da hali. Ido ɗaya gare ta. In ta kalli Yola, Yola kawai take gani. Ka goce da faɗin yatsa, hoto ya tafi. Kuma tele na nan Garwa zai dushe maka."

"Ya dushe."

A ranar, gaskiya Jules ya faɗa. Ya kuma san akwai inda girma ke daina amfani, ya san duk tsawon da aka ƙara wa bututu, doguwar wayar da ke saukowa sai ta shanye rabin abin da aka samu. Wannan ma ya faɗa, sau ɗaya. Dawuda ya ɗaure fuska ya ce akwai wasu masu gyaran a garin. Jules na da 'ya'ya a makaranta, don haka bai sake faɗa ba. Duk shekara sai ya samo sabon dalili, ya zo da sababbin ƙarafa a kan babur.

Eriyar farko murya kawai ta kawo, tana zuwa tana tafiya cikin shuuu, allon kuwa kamar an watsa gero. Ta biyu ta kawo inuwar mutum a cikin geron. Ta uku, in an yi ruwa sama ta wanke, takan nuna kafaɗu da lulluɓi da wani haske-haske inda fuska take. Shekaru suka yi ta tafiya haka, Dawuda na sayen 'yarsa gaɓa-gaɓa.

Ga kuma abin da bai yi lissafinsa ba. A unguwar, namiji ba ya hawa sama sai ya yi shela, don matan maƙwabta su kimtsa. Iska kuwa kowane mako sai ta ɗan karkatar da eriyar, kuma faɗin yatsan nan da Jules ya faɗa gaskiya ne. Dawuda ba ya barin kowa ya shiga ɗakin ya duba masa hoton, ba ya kuma barin kowa ya taɓa bututun. Saboda haka kowace Alhamis, ana idar da la'asar, sai a ji muryarsa ta ratsa katangu:

"Za a hau! Mata a kimtsa, za a hau!"

Ya taka tsani da furfurarsa, ya rungumi bututu ya juya, ya sauko ya leƙa ɗaki, ya sake shela ya sake hawa. Mutumin da bai taɓa furta sunan 'yarsa ba, shi ya zama mai sanar da unguwa lokacin fitowarta. Matan layi suka mai da shi agogo. "Za a hau ya yi, ɗora tukunyar tuwo." A kasuwa Ɗanmalam kan tsaya a rumfa ya ce, "Mai Kwano, yaya wa'azi? Malamin ya fito da kyau wannan makon?" Dattawan da suka ce ya yi daidai ba wanda ya je ya ce masa ya yi kaffara ya huta, alhali kowa ya san ciyar da miskinai kawai abin zai ci. Sun fi jin daɗin kallonsa a kan tsani.

Wata Alhamis Rabi'atu ta kasa daurewa. Ta zagaya kamar mai neman aron rariya, ta tsaya jikin tagar ɗakin inda katako ya tsage. Yayanta na zaune a ƙasa dab da akwatin, ya cire hula ya ajiye a gefe. A allon, wata inuwa na magana a kan ciwon ƙyanda. Can hoton ya ɗan washe, ga Aisatu, ta yi ƙiba kaɗan, tana murmushi tana duban gaba. Dawuda kuwa yana kallonta. Ba satar kallo ba, kallo sosai, baki a ɗan buɗe, kamar mai ƙishi da ya samu randa. Rabi'atu ta tashi tare da mutumin nan a ɗaki ɗaya, ba ta taɓa sanin idanunsa na buɗewa haka ba.

Ta koma ɓangarenta ba rariya, ta zauna ta yi kuka. A cikin kukan akwai murna, kuma murnar ba duka saboda shi ba ce. Gwiwoyinta sun fara ciwo. Ɗakin da ta raini yarinyar a ciki ya yi mata faɗi. Ita ta yi goyo, ita ta yi jinyar baƙon dauro, ita ta soya ƙuli-ƙuli ta sayi littattafan lise, sai ga shi matan Najeriya da ba su san zafin komai ba su ke morar 'yarta duk mako. In Dawuda ya sauko, Aisatu ɗakinta za ta dawo, ba na Kaltumi ba. Wannan ba ta faɗa wa kowa ba, ko kanta ma a gurguje take faɗa wa.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, rikicin iyaka ya tashi tsakanin Kamaru da Najeriya, can kudu a bakin teku. Garwa na da nisa da wurin, amma Hausawan garin sun ji a jikinsu. A tare mutum a hanya, a juya katinsa na ɗan ƙasa gaba da baya, a tambaye shi inda aka haifi kakansa. Masu 'yan eriyoyin da suka ɗan karkata yamma suka juya su ba hayaniya. Ƙaramar eriya ba ta nuna komai. Ta Dawuda kuwa ana hango ta daga kan gada, kamar yatsa.

Mai unguwa ya zo da kansa ya roƙe shi ya juya ta, ko na ɗan lokaci. Ya ce to, bai juya ba. Aka kira shi komisariya, ofishin 'yan sanda. Wani jami'i ɗan kudu, da tafinta a gefensa, ya tambaye shi abin da yake jira daga Najeriya har ya gina mata hasumiya. Kalma ɗaya ta ishe shi ya koma rumfarsa: 'yata. Duk layin za su shaida, tafintan ma ya san labarin, har yana yi masa alama da ido.

"Wa'azi," in ji Dawuda.

Suka bar shi a kan benci har rana ta faɗi, suka ce ya dawo gobe, goben ma haka. Ya yi ta zarya har suka gaji da ganinsa. Ya rame, ciniki ya ja baya, wasu abokan rumfa suka daina zama kusa da shi. Ranar Alhamis kuwa, ana idar da la'asar, unguwa ta ji, "Za a hau!"

Wannan shi ne mutumin da ya ce zai sare darbejiya, kuma washegarin faɗan ya sare ta. Mahaifiyarsu ce ta dasa itacen. Masu gatari suka yini suna yi, da yamma tsakar gidan ya koma fili fetal, rana na dukan kowane lungu. Kaltumi ta kwashi murhunta da tukwanenta ta zagayo ɓangaren Rabi'atu, ta kafa su a gindin katanga ba ta nemi izini ba.

Alhamis ɗin da ta biyo, hoton ya ɗan ƙaru. Ba wani abin kirki ba, amma an ce har idanu ana gani. Dawuda ya fito daga ɗakin ya aika aka sayo tsire aka raba wa gida, abin da bai taɓa yi ba ko da salla.

"Kin gani ko?" in ji Rabi'atu, tana miƙa wa Kaltumi nata kason. "Jimeta zan tafi. Zan taho da ita."

"Ki bar shi da akwatinsa, Rabi."

"Mutumin da ya sare itacen uwarsa don ya ga inuwarta? In ya gan ta a tsaye fa?"

Kaltumi ta ajiye tsiren ba ta ci ba. "Shekara nawa ta yi a tsaye a gabansa kafin ta tafi? Ya gan ta? A cikin akwatin nan yana kallonta, ita ba ta ganinsa, ba kuma wanda ke ganin yana kallo. Shi ke nan abin da yake so. Ni ma 'yar farina ce, na san abin da nake faɗa miki."

Rabi'atu ta ɗauka haushin darbejiya ne ke magana. Ta kuma ɗauka, a can ƙasan ranta, uwa ce ba ta son a ce goggo ta yi abin da ita ta kasa.

Ta bi ayarin mata masu fataucin busasshen kifi, a motar Ɗanmalam, ta ƙetare iyaka da ƙullin ƙuli-ƙuli a cinya. Ta samu Aisatu a ɗakin haya mai fanka da labule, ta zama cikakkiyar mace, maƙwabta na ce mata Anti. Suka yi kuka, suka ci abinci, suka yi gulmar duk wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Sai da aka kwashe kwanuka Aisatu ta dube ta.

"Goggo, shi ya aiko ki?"

A nan ne Rabi'atu za ta iya cewa a'a.

"Ya sare darbejiya saboda ke," ta ce.

"Darbejiyar Inna?"

"Ita. An kai shi komisariya saboda ke. Kowace Alhamis yana kan tsani, gari na yi masa dariya."

"Amma ya ce in zo?"

"Ke ma kin san ubanki, bakinsa ba zai faɗa ba. Rantsuwarsa dai tana nan a kaina kamar Fatiha. Cewa ya yi muddin kina cikin akwatin. Ki fito daga akwatin, ƙofa a buɗe take."

Aisatu ta yi wata 'yar dariya. "Goggo, kin san abin da kike cewa in bari kuwa? 'Yan mata na nan a layi suna jiran kujerar nan, wasu da digiri. In na tashi, na tashi ke nan. Jiya a kasuwa wata ta riƙe mini hannu, ta ce ɗanta ya rayu saboda ruwan gishirin da na koya mata. Ta sa wa 'yarta sunana. A Garwa me zan yi? In taya ki murza tunkuza?"

Rabi'atu ta ji zafin maganar, ta haɗiye. Ta fara ɗaure bakin ƙullinta kamar mai shirin tafiya. Fanka na ta juyawa.

"Da gaske yana kallona?" in ji Aisatu, murya ƙasa-ƙasa.

"Da idona na gani."

"Fuskata?"

"Har hula yake cirewa. Ya matso dab, ya zuba miki ido har a gama."

Aisatu ta daɗe tana duban tafin hannunta. "Ni ban san yadda idonsa yake ba, Goggo. Saman hularsa na sani."

Da wata ya ƙare ta ajiye aikin. Aka yi mata 'yar walima a ofis, aka ɗora wata yarinya a kujerar tun kafin ta gama haɗa kaya. Ta sayar da fanka da gado. Ranar tafiya ta ɗauko lulluɓin da ta fi fitowa da shi a shirin, mai ruwan toka, ta yafa.

Ranar Talata suka iso Garwa, bayan azahar, rana na tsakiyar ƙuna. Tun daga kan gada Aisatu ta hango eriyar. Ta kama hannun goggonta ta matse. A layi mata suka leƙo ta kan katangu. Rabi'atu na tafe a gaba, ƙirji a buɗe, ciwon gwiwa ya tafi.

Suna isa ƙofar gidan, Dawuda na fitowa daga zaure zai koma kasuwa, carbi a hannu. Suka yi kiciɓis.

Aisatu ta durƙusa a ƙasa mai zafi. "Baba, ina wuni."

Ya gan ta. Rabi'atu za ta iya rantsewa ya gan ta, na ƙiftawar ido. Daga nan kansa ya sunkuya yadda ya saba tun tana cikin zanen goyo.

"Lafiya," ya ce wa dokin ƙofa.

"Yaya," in ji Rabi'atu, da ƙarfi don na kan katangu su ji, "ta bar aikin. Ta fito daga akwatin. Rantsuwarka ta sauka, ba kaffara ba komai."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ta bari?"

"Ta bari. Har an sa wata."

Ya ɗaga kai, amma ba wajen 'yarsa ba. Sama ya duba, inda ƙarafan ke sheƙi a rana, sun nuna yamma. Ta cikin zauren ana hango kututturen darbejiya, Kaltumi na tsaye kusa da shi, ta rufe baki da gefen zane. Aisatu na nan a durƙushe. Ta ɗago fuskarta sosai, ta gyara lulluɓin yadda take gyara shi in za a fara shiri, tana jira. Tsakaninta da shi bai fi a miƙa hannu ba.

Dawuda ya raɓe jikin bango ya ba da hanya, ya juya fuskarsa ga ginin kamar yadda mai kunya ke yi, kamar yadda duk garin ya yabe shi a kai shekara da shekaru.

"Ki shiga da 'yarki," ya ce. "Rana na dukanta."

Rabi'atu ta kama kafaɗar Aisatu ta ɗaga ta. Jikin ya yi nauyi kamar ba na mai rai ba. Suka wuce ta gabansa, gefen lulluɓin ya shafi rigarsa, bai motsa ba. Abin da Rabi'atu ta yi shekaru tana roƙo ke nan, ga shi ta shigo da 'yarta ta zauren, amma ta kasa duban Kaltumi.

Sun kusa fita zauren ta ji ya kira ta, da sunan da yake kiranta tun suna yara. Ta waiwaya. Yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, ya ba su baya.

"Rabi," ya ce, "ni kuma ranar Alhamis wa zan kalla?"